Na Ɗauka Ƙiba Take Yi

Edita, ina gaishe ka da aiki, kai da duk masu karanta wannan mujalla. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna bai daɗe da sanin alƙalami ba. Wasiƙar nan ta ci mini mako uku, ina rubuta kaɗan ina ajiyewa, kuma ban yarda kowa ya taya ni ba, domin abin da zan faɗa ya kamata ya fito daga hannuna ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san ni a Kafanchan za su gane ni tun kafin su kai tsakiya, amma yanzu wannan bai dame ni ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina aikin reluwe a ɓangaren masu gyaran layin dogo. Da diga da shebur na fara tun ina saurayi, na yi haƙuri har aka mai da ni heluma, wato shugaban leburori, da mutum goma sha biyu a ƙarƙashina. Ina da keke, ina da rediyo, ina da ciki da falo a kwatas ɗin ma'aikata. Ina iya duban layi da ido in gaya maka inda ƙarfe zai kauce tun injiniya bai fito da ma'auninsa ba. Abu ɗaya ne ban iya ba, shi ne karatu. Na ɓoye wannan kamar yadda mutum yake ɓoye kuturta. Na koyi wani ɗan zane mai kama da sa hannu. In aka miƙo mini takarda a gaban mutane sai in ce idona yana ciwo yau, wani ya karanta. Har 'ya'yana uku, waɗanda duk 'yan makaranta ne, ban taɓa bari sun gane ba.

Matata 'yar wani ƙauye ce a gefen Manchok. Ta yi aji huɗu a makarantar mishan, tana karanta Hausa sarai. Kayan miya take sayarwa a kasuwa, mace ce mai jiki, mai dariya, mai son tsokana. Ba ta kirana da suna, sai dai ta ce Heluma, ko tana fushi ko tana wasa. Ranar Lahadi a coci muna zama kusa da juna. In aka faɗi lambar waƙa, ni sai in buɗe littafi ko'ina na ga dama, domin waƙoƙin duk suna kaina. Ita kuwa sai ta miƙo hannu a hankali, kamar tana kaɗe mini ƙura, ta juya mini zuwa shafin da ya dace, ba ta ko dube ni ba. Shekara ashirin da biyu tana yin haka. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban taɓa cewa na gode ba, domin in na gode na amsa laifina ke nan.

Ciwon ya fara ne da ciwon kai da jiri, da gajiyar da ba ta da dalili. Tana cewa zuciyarta tana bugawa kamar an koro ta. Muka ce zafin rana ne na kasuwa. Ran nan ta faɗi a gaban tirenta, mata suka ɗauke ta zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe a jikinta ba a sani ba, har ya gajiyar da zuciya. Kwana tara ta yi a kwance.

Ranar da za a sallame ta, wata nas, babbar mace mai furfura kaɗan a goshi, ta kira ni bakin ƙofar ɗakin. Ta ce ni ne mai cefane, saboda haka da ni za ta yi magana, domin rabin maganin matata a tukunya yake. Tana riƙe da takarda da ta rubuta da hannunta, ta ce ta yi ta da Hausa da manyan baƙaƙe. Ta fara da cewa a rage gishiri sosai. Sannan ta tsaya ta tambaye ni, cikin ladabi, ko ina karatu, ko kuwa ta karanta mini ɗaya bayan ɗaya in riƙe a kai. A daidai lokacin leburorina biyu da suka zo duba mai jiki suna tsaye a bayana. Na ji idonsu a ƙeyata. Sai na yi dariya, na ce wane irin heluma ne bai iya karatu ba, ta kawo kawai, zan duba a gida a natse. Na karɓa, na ninke, na sa a aljihun gaba kamar babban ma'aikaci. Edita, da na sunkuyar da kai na minti biyar a wannan ƙofa, da wataƙila ba ni da labarin da zan rubuto maka.

Da muka isa gida matata ta ce in ba ta takardar ta gani. Na ce ai na karanta a hanya, babu komai a ciki sai a rage gishiri a kuma huta. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta san ƙarya nake yi, na kuma san ta sani. Amma yara suna wurin, sai ta ce to, Heluma, tunda ka karanta shi ke nan. Na jefa takardar cikin akwatin ƙarfena tare da takardun ɗaukar aiki, na kulle. Mutum huɗu ne masu karatu a gidana, ba wanda na nuna wa.

Surukata ta zo daga ƙauye don jinya, da buhun acca a kai da ƙunshin wake da busasshen ganye. Tsohuwa ce siririya, mai ƙarfi, wadda har lokacin take noma citta da hannunta. Kullum sai ta dafa gwaten acca da yakuwa da gauta, wani lokaci da zogale ko wake, ba mai, gishiri kuwa sai ka yi nema kafin ka ji shi. Shi take bai wa 'yarta safe da yamma. Mako uku ana haka. Ni da idona na ga numfashin matata ya daidaita, ta fara shara, ta fara tsokanar yara, tana barci kamar jaririya. Sai dai ta rame. Matar da na sani da cikar jiki ta zama kamar an zare mata rabi, zanenta ma sai ta naɗa sau biyu.

Lahadin farko da ta iya zuwa coci, bayan an tashi sujada muna tsaye a waje ana gaisawa. Akwai wata cikin matan zumuntar cocinmu, abokiyar wasanmu ce, bakinta ba ya hutawa. Ta kama hannun matata ta ɗaga, ta juyo gare ni da ƙarfi don kowa ya ji, ta ce ashe heluma shi kaɗai yake cinye naman gidan, ga 'yar'uwarsu ta koma karan dawa, awakin da suke kiwo a gefen layin dogo ma sun fi ta tsoka. Ta ce in ba zan iya ba in mayar musu da abarsu su yi kiwonta. Maza suka kwashe da dariya, matata ma ta yi dariya. Wasa ne, na san wasa ne. Amma a wajenmu jikin mace shi ne shaidar mijinta. In ta cika an ce ya iya riƙo, in ta rame ba a tambayar ciwo, shi ake kallo. Na tura kekena har gida.

Na tarar da tukunyar gwate a kan murhu. Na buɗe, na rufe, na ce a gidana ba za a yi jinyar mara lafiya da abincin yunwa ba, wannan ruwa-ruwan shi na gudo na bari a ƙauye. Na faɗa ne yadda tsohuwa za ta ji. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ni ɗana, kamar yadda ta saba, ta ce da wannan abincin ta yi goyon 'ya'ya bakwai, kuma ita ba ta san ƙofar asibiti ba sai da ta zo duba 'yarta. Na ce zamani ya sake, Mama. Bayan kwana biyu ta ce gonarta tana kira, ta tafi. Ta bar buhun accan a jingine a kusurwar falo.

Ina da aboki mahauci a kasuwa, dattijo Musulmi wanda kakanninsa ma a nan garin suka yi fawa. Mai jirgi yake kirana, ko da yake na sha gaya masa ban taɓa tuƙa jirgi ba, ƙasan jirgi nake gyarawa. Na kai masa kukana. Ya ce in kwantar da hankali, su a gidansu wanda ya tashi daga ciwo tozo ake ba shi da romon ƙashi mai ɓargo, wata ɗaya zan ga aiki. Daga ranar, kowace Asabar yana ajiye mini tozo da kayan ciki da wurin da ya fi kitse, har ya ƙara mini da kakide kyauta, ya ce na madam ne. Da zuciya ɗaya ya yi. Maƙwabciyarmu, matar wani direban jirgi mutumin gabas, ita ma da ta ji sai ta riƙa aiko da miyarsu mai manja da kifin nan mai gishiri, ta ce a garinsu da shi ake tayar da mai jego. Kowa ya kawo abin da ya sani na ƙauna.

Ni da ban taɓa hura wuta ba sai ga ni ina girki ranar Asabar. Maza suna wucewa suna mini dariya, ina jin daɗi. Kuma ban manta da maganar gishiri ba, tunda ita kaɗai na tsaya na ji. Na rage shi ƙwarai. Da na ɗanɗana na ji romon ya yi salam, sai na riƙa marmasa dunƙulen ɗanɗano uku, wani lokaci huɗu, a madadinsa. Ina jefa kanwa don naman ya yi laushi. Da safe ina sa a dama mata kunun kanwa, domin an ce yana wanke ciki. In na taso aiki ina biyawa in sayo mata tsire da yaji. A raina ina cewa babu mijin da ya kai ni bin dokar asibiti.

Ba wai ba ta yi magana ba. Ta yi, ni ne ban ji ba. Ta ce man yana zama mata a ƙirji. Na ce ƙarfi ne yake shiga. Wata rana ta ce tana marmarin gwaten Mama, na ce so take ta sake kunyata ni a gaban coci. Na kama ta tana tura wa yara naman a ɓoye, sai na yi fushi, na ce ni na yi ta fama a rana don ita, ita kuma tana rabarwa. Daga nan na ɗauki wata al'ada da har gobe in na tuna ta nake rasa inda zan sa kaina. Sai in jawo kujera in zauna a gabanta, ina kallo, har sai ta cinye ta shanye romon. Takan ɗago ta yi murmushi ta ce, to Heluma, in ta fashe ni zan kwashe. In yi dariya in ƙara mata wani yanka.

Cikin wata biyu jiki ya fara dawowa, ko in ce abin da na ɗauka jiki ne. Fuska ta cika, ciki ya taso, ƙafafu suka yi nauyi. Wata safiya ta nuna mini takalmin zuwa cocinta, ta ce ya daina shiga. Na yi murna kamar an ƙara mini girma. Na je kanti na sayo mata wani mai lamba biyu sama da nata, har ina gaya wa mai kantin cewa madam ce ta yi ƙiba. Abokiyar wasan nan ta gan mu ta ce yanzu ta yarda heluma namiji ne. Na tashi a gaban jama'a ranar godiya na ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da matata. Da lokacin komawa asibiti ya yi na ce me za a je a yi a wannan dogon layi, mutum ya warke. In ƙwayoyin maganin da asibiti ya ba ta suka ƙare sai in kai kwalin kemis a ba ni irinsu.

Akwai abubuwan da na gani ban ba su ma'ana ba. Ta daina zuwa kasuwa. A coci ta daina rera waƙa, leɓe kawai take motsawa, ko da yake hannunta bai daina juya mini shafi ba. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango. Ko hutun rana ba ta iya yi a kwance, tana cewa in ta miƙe kamar ana danna ta cikin ruwa. Sai ta zauna a tabarma ta jingina bayanta da buhun accan nan na uwarta, a haka take samun ɗan barci. Na ce masu jiki haka suke numfashi. Surukata ta zo Kirsimeti, ta dubi 'yarta, ta ja ni gefe ta ce wannan ba jikin lafiya ba ne, in mayar da ita asibiti. Na ce bayan sabuwar shekara. A raina na ce tsohuwa ba ta son a ce na fi ta iya jinya.

Asabar ta biyu bayan sabuwar shekara na dawo daga kasuwa da hantsi, ƙunshin nama yana rataye a kan keke. Na same ta zaune a bakin ƙofa, tsintsiya a ƙasa, leɓunanta sun yi duhu, tana jan numfashi da baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Ta so ta kira ni, kalmar ta kasa fita. Maƙwabcinmu ya nemo mota muka tafi. Naman nan a kan keke ya kwana.

Nas ɗin nan mai furfura ce muka tarar. Bayan an ba da taimakon gaggawa numfashi ya ɗan lafa, ta yaye zanen daga ƙafar matata ta danna ƙwaurinta da babban yatsa. Da ta ɗaga, sai ga rami ya zauna a wurin, kamar an danna tuwo mai sanyi. Na tsaya ina jiran ramin ya cike, ya ƙi. Ta tambaye ni me mara lafiya take ci a gida. Na lissafa mata duka, ina ɗaga murya don ta san ban yi sakaci ba, har na ƙara da cewa gishiri kam na rage kamar yadda ta ce. Sannan ta tambaye ni ina takardar da ta ba ni. Kafin in samu abin faɗa sai muryar matata ta fito daga kan gado, a yanke-yanke, ta ce laifinta ne, ita ta wanke rigar da takardar a aljihu tun washegarin sallama, ta narke. Tana neman numfashin da za ta rayu da shi, ta kashe shi wajen rufa mini asiri.

Nas ta dube ta, ta dube ni. Ta fita da ni waje ta zaunar da ni a benci. Ta tambaye ni ko na san famfon da yake tura ruwa zuwa tanki a tasha, na ce na sani. Ta ce zuciya haka take, ta matata kuma ta riga ta gaji. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara wa famfon kaya. Dunƙulen da nake sawa da kanwa da kifi mai gishiri da yajin tsire duk 'yan gida ɗaya ne da gishiri. Kitse kuma yana cushe hanyoyin jini a hankali kamar laka a bututu. In famfo ya kasa, ruwa sai ya taru a ƙafa, ya hau ciki, daga nan ya shiga huhu. Ta ce abin da nake gani ba ƙiba ba ce. Na tuna takalmin. Na tuna yadda na tsaya a gaban coci.

Kwana shida ta yi. A rana ta biyar da la'asar hankalinta ya dawo sosai, ta ce tana son gwate. Na aika aka kira surukata, ta zo ta kwance buhun nan da ya yi wata biyar a jingine, ta dafa, ta kawo asibiti ta miƙo mini kwanon. Ni na ba ta a baki. Cokali uku ta sha, ta yamutsa fuska ta ce Mama har yau ba ta san kuɗin gishiri ya sauka ba, ta yi 'yar dariya har tari ya kama ta. Da tsohuwa ta fita, na durƙusa a gefen gado na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa mahaluƙi ba. Na ce ban iya karatu ba, ban karanta takardar ba, tana cikin akwati. Ta ce ta sani tun ranar ɗaurin aurenmu, da ta ga na riƙe alƙalami kamar guduma. Na tambaye ta, tunda nas ta yi mata bayani tana kwance, tunda jikinta yana gaya mata, me ya sa ta riƙa ci. Ta ce ta gwada faɗa mini. Ta ce kuma in na kwance ƙunshin naman nan fuskata takan yi haske kamar ta yaron da ya ci jarrabawa, ita kuma ba ta da zuciyar kashe wannan hasken. Ta ce ta ɗauka kaɗan-kaɗan ba zai yi komai ba, laifin namu ne mu biyu. Sannan ta ce, Heluma, in je in koyi karatu, domin ba kullum za a sami mai buɗe mini shafi ba.

Washegari da safe ta cika.

Likita ya gaya mini zuciyar ta daɗe da lalacewa, ba wanda zai iya cewa ga yawan kwanakin da za ta ƙara ko da an bi doka. Fasto ya ce kwana na Ubangiji ne. Na yarda da su duka. Amma ni na ga mako ukun nan da take shan gwate tana shara tana dariya, na kuma ga abin da ya biyo baya, kuma na san hannun wa ya sauya tukunyar. Surukata ba ta taɓa zagina ba. Ranar da za ta koma ƙauye bayan biso, wato jana'iza, ta ce na so 'yarta da iyakar abin da na sani. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Abokina mahauci ya zo gaisuwa, da ya ji bayanin ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Abokiyar wasan nan kuwa har yau in ta gan ni sai ta gaishe ni a hankali ta wuce.

Lahadin farko bayan biso na je coci na zauna a wurinmu. Aka faɗi lambar waƙa. Na buɗe littafi kamar kullum, na riƙe, ina jira. Sai da aka kai baiti na biyu na gane abin da nake jira. Na rufe littafin na fita.

A makon na rubuta sunana, ko in ce aka rubuta mini, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a wata makarantar firamare. Yawanci mata ne 'yan kasuwa. Ranar farko ina shiga, wa zan gani a benci na baya yana fama da fensir, sai ɗaya daga cikin leburorin nan biyu da suka tsaya a bayana a asibiti. Muka dubi juna. Ashe mutumin da na ji kunyarsa har na sayar da ran matata, shi ma bai san ko baƙi ɗaya ba.

Kaina ya yi tauri, amma ni mai haƙuri ne. Shekara ɗaya da rabi na yi kafin in iya haɗa jimla ba tare da malama ta taimaka ba. Wata Asabar da rana, yara ba sa nan, na buɗe akwatin ƙarfe na ɗauko takardar. Tana nan a ninke yadda na ninke ta. Na sa yatsa ina bi kalma bayan kalma. Ta ce a rage gishiri, kuma kada a maye shi da dunƙule ko kanwa. Ta ce a guji kitse da kayan ciki da soye-soye da yawan manja. Ta ce abin da ya fi mata shi ne acca da dawa da wake da ganye iri-iri, da ɗanyen kifi ko nama mara kitse kaɗan, da lemo da gwanda in an samu. Har sunan gwate yana ciki. Ta ce a dawo asibiti kowane wata ko da an ji sauƙi. A can ƙasa akwai layi ɗaya da nas ta ja wa zane biyu. Ya ce in ƙafa ko fuska ta kumbura, ba ƙiba ba ce, ruwa ne, a kawo ta a ranar. Matar nan ta san irinmu. Ta san abin da zan gani da abin da zan ɗauka, ta rubuta mini tun kafin ya faru, ni kuma na kulle shi a akwati ina kwana kusa da shi.

Yanzu shekara bakwai ke nan. Ni ma an auna ni an ce jinina ya hau, ina shan magani, ina zuwa awo. Na koyi dafa gwate a wurin surukata kafin ita ma ta rasu. Abokina mahauci in na je yakan sa wuƙa ya feɗe kitsen tas kafin ya ba ni, ba ma maganar dalili.

Abin da nake roƙon masu karatu, musamman maza irina, shi ne wannan. In an ce wani naku yana da hawan jini ko ciwon zuciya, ku tsaya ku ji bayanin abinci har ƙarshe, ku tambaya, ku sake tambaya. In ba ku iya karatu ba ku faɗa da bakinku, kunyar ba ta wuce minti biyar. Kada ku auna lafiyar matanku da idon mutanen coci ko na masallaci ko na kasuwa. Ramar mai numfashi da kyau ta fi cikar mai haki. Abincin iyayenmu da muke rainawa muna cewa na talauci, ku dube shi da kyau kafin ku ture. In mara lafiya ya ce abu yana zama masa a ƙirji, ku saurara, ya fi ku sanin jikinsa. Ku kuma mata, don Allah kada ku rufa mana asiri har ya kai ga ranku. Gara mu ji kunya kuna raye.

Takardar nan yanzu tana cikin littafin waƙoƙina, da ita nake sa alama. In aka faɗi lamba ina nemo shafin da kaina, ba na kuskure. Sai dai har yau, kafin in juya, nakan ɗan dakata.